Zowa ta rufe ta ƙi buɗewa: yadda ake gano abin da ke damun murjanin zowa a tankin gida

Da wuya mako ya wuce ba a turo mini hoto a WhatsApp ba: ɗan dutse a ƙasan tankin ruwan gishiri, kawunan zowa, wato wani murjanin teku mai laushi da ke tsirowa a jikin dutse kamar ƙananan furanni, duk sun tsuke kamar ɗanyun 'ya'yan kanya, a ƙarƙashi an rubuta, "Malam, wane magani zan zuba?" Na amsa wa mutumin Kubwa, na amsa wa na Lugbe, kwanan baya har wata Hajiya ta kira ni daga Rayfield a Jos. Tun da tambayar iri ɗaya ce, gara in zauna in rubuta yadda nake bi daki-daki idan tawa ta rufe, a nan Gwarinpa inda nake da tanki mai cin lita 200.

Abin da ke rikita mutane shi ne, hanya ɗaya zowa ke da ita ta nuna ba ta jin daɗi, wato ta rufe. Zafi ya dame ta, ta rufe. Ƙwaro na cin ta, ta rufe. Haske ya yi yawa, gishiri ya hau, kifi ya cije ta, duk alamar ɗaya ce. Wanda ya zuba magani bai san wanne ne a ciki ba, garin neman gira yake rasa ido. Ruwa ba ya tsami banza, akwai dalili, kuma ana cim masa ne idan an bi matakan nan a jere. A gidajen da na shiga a Abuja, abin da na fi tararwa shi ne zafi, ɗaukewar wuta da ruwan da ake cika tanki da shi. Ƙwarin da kowa ke tsoro suna nan, amma a baya suke zuwa.

Kayan da za ka tanada

Safar hannu ta roba mai tsawo, tabarau mai rufe gefen ido, takunkumi, tocila, hantsaki, babbar sirinji marar allura, sabuwar reza, da fararen robobi uku waɗanda sabulu bai taɓa shiga ba. Waɗannan duk za ka haɗa su a kasuwar Wuse da kyamis, ba su da tsada.

Kuɗin yana wajen ma'aunai, domin daga waje ake shigo da su, yawanci ta Legas, farashinsu kuma dala yake bi. Idan aljihu bai kai a saye su lokaci guda ba, ga yadda nake ba da shawara a jera: ma'aunin zafi da injin iska mai batir, sai rifraktomita ta auna gishiri, sai alƙalamin TDS mai auna yawan abin da ya narke a ruwa, sai kayan gwajin alkaliniti, wato ƙarfin ruwa na jure tsami, sannan na naitiret da fosfet. Salifert da Red Sea suna aiki da kyau, na'urorin Hanna sun fi sauƙin karantawa amma sun fi tsada. Gwajin kalsiyam da magniziyam ya jira, tun da zowa ba ta gina ƙashi irin na murjani mai tauri. Kwalbar maganin tsomawa, wadda mutane ke fara saye, ita ce ta ƙarshe. Ka duba ranar lalacewa a jikin kayan gwaji kafin ka biya. Wanda ya daɗe a shago cikin zafi ƙarya yake faɗi.

1. Kare kanka tukuna

Wasu daga cikin dangin zowa, musamman masu manyan kai da ake kira Palythoa, suna ɗauke da dafi mai suna falitoksin, ɗaya daga cikin mafiya ƙarfi da aka sani a halittun teku. Ido ba ya bambance mai dafi da marar dafi, saboda haka ka ɗauki kowacce a matsayin mai shi. Ba shi da makari. A asibiti ma taimaka wa numfashi da jiki ake yi har ya fita.

Yana shiga ta ciwon da ke hannu, ta ido, ta baki, ko ta tururi. Zowa idan aka matse ta takan feso ruwa, kuma sau da yawa fuskar mai aikin ce a kusa. Saboda haka duk lokacin da za ka fito da dutse daga ruwa, sai da safar hannu da tabarau da takunkumi, taga a buɗe, yara a waje.

Gargaɗi: kada ka tafasa dutsen da zowa ta taɓa zama a kai, kada ka zuba masa ruwan zafi, kada ka goge shi da buroshi a fili, kada ka shanya shi a rana ka zo kana fasawa. Mu mun saba idan ana son kashe ƙwaro a ɗora tukunya. A nan wannan al'adar ita ce ke kwantar da gida guda, domin tururin yana bin ɗakuna. Haka nan kada ka ja ruwan tanki ta tiyo da baki. Robobin aikin ka yi musu alama, ka gaya wa uwargida da mai aiki cewa ba sa shiga kicin.

Idan ruwan ya shiga ido, ka yi ta wanke shi da ruwa mai tsabta minti 15 zuwa 20, sannan ka tafi asibiti ko da ka ji sauƙi. Idan bayan aiki ka ji ɗaci kamar na ƙarfe a baki, zazzaɓi, tari, ƙuncin ƙirji, ciwon tsoka, ko fitsari ya yi duhu, ka nufi sashen gaggawa, irin na Asibitin Ƙasa a Abuja ko na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos. Ka rubuta wa likita sunan dafin a takarda, ka ce masa murjanin teku ka taɓa, domin alamun suna kama da na zazzaɓin da ya saba gani.

2. Zauna ka duba, hannu a waje

Ka jawo kujera ka zauna gaban tankin minti goma. Tambayoyi uku kake son amsawa.

Duka ne suka rufe, ko dutse ɗaya? Idan duka ne, sauran murjani ma sun yamutse, kifi na hawa sama suna haki, matsalar a ruwa take, ka bi mataki na 3 zuwa na 6. Idan dutse ɗaya ne, ko rufewar ta fara daga gefe tana ci gaba kamar gobarar daji, wani abu ne ke ci ko yake harbi a wurin. Duk da haka ka auna zafi da gishiri, minti biyu ne, sannan ka wuce mataki na 7.

Yaushe ta zo? Zowar da ta sha hanya daga Legas tana iya kwana uku, har mako guda, ba ta buɗe ba. Muddin jikinta na da tauri, ba ta yauƙi, a ƙyale ta.

Me ya canza cikin mako biyun da suka wuce? Sabon kifi, sabuwar fitila, sabon buhun gishiri, tafiyar da ka yi ka bar wa wani tankin. Ka rubuta a littafi. Ka kuma ɗauki hoto kullum a sa'a ɗaya daga wuri ɗaya, domin wanda ke kallon abu kowace rana ba ya lura da ƙaruwarsa ko raguwarsa.

3. Zafi da wuta

Zowa ta fi son digiri 24 zuwa 26. Tana jure 28 idan ba ya hawa da sauka. Daga 30 abin ya zama haɗari, ga shi ruwa mai zafi ba ya riƙe iska sosai. Ka auna sau biyu, da asuba da kuma wajen ƙarfe huɗu na yamma. Auna sau ɗaya da safe shi ke sa mutum ya rantse zafin tankinsa daidai yake, alhali da la'asar yana dahuwa.

Wata rana a watan Maris aka ɗauke wuta tun hantsi, ni kuma ina wajen aiki. Da na dawo bayan la'asar na tarar ma'auni na nuna 31, ruwan ya tsaya cik, fuskarsa ta yi wani maiƙo, babu zowa ko ɗaya a buɗe, kifayen biyu suna manne da saman ruwa. Na cire murfi, na kunna injin iska mai batir, na ɗauko gorunan ruwa da nake ajiyewa a firiza a rufe gam, na riƙa sa biyu-biyu ina canzawa. Sai bayan isha'i ya sauko 27. Kwana biyar suka yi kafin su buɗe, wani dutse mai ruwan lemo kuma ya koɗe, ya ɗauki fiye da wata biyu kafin launinsa ya dawo. Tun daga ranar firizata ba ta rabuwa da goruna shida.

Gargaɗi: kada ka jefa ƙanƙara tsirara a tanki, balle ta ruwan leda. Kuma kada ka sauke zafin farat ɗaya. Digiri ɗaya cikin sa'a guda ko biyu ya isa.

Ƙaramar fanka da ke hura fuskar ruwa tana rage digiri biyu zuwa uku lokacin rani, da damina kuma ba ta kai haka ba saboda iska ta jiƙe. Na'urar sanyaya ruwa ta fi, amma tana da tsada kuma tana shan wuta. Ka kuma duba ko rana na shigowa ta taga ta sauka kan gilashin da yamma.

Mutanen Jos, taku akasin haka ce. Daren Disamba da Janairu yana iya sauke tanki ƙasa da 22 kafin gari ya waye. Hita ya zama dole, kuma idan babu wuta a lulluɓe tankin da bargo, a bar 'yar kafar iska. Mai kwana da na'urar sanyaya ɗaki a Abuja shi ma ya auna da asuba.

Idan wuta ta tafi, motsin ruwa ne farko, fitila ta ƙarshe. Zowa tana kwana biyu ko uku babu haske ba ta mutu ba, amma ruwan da ya tsaya cikin zafi yana iya yin ɓarna cikin sa'o'i. Injin kaɗa ruwa mai cin wat 10 zai sha wat-awa (Wh) 100 ne kawai cikin sa'a goma. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa (Ah) 100, ko rabinsa ka yi amfani da shi, ya kai wat-awa 600. Wato ƙaramar inbata ko sola ta wadatar, muddin ba ka ɗora mata hita da fitila ba. A haɗa wannan tun ana da wuta, ba a fafe gora ranar tafiya.

4. Gishiri da ruwan cikawa

Abin da ake nema a rifraktomita shi ne 1.025 zuwa 1.026, wato gishiri kashi 35 cikin dubu (ppt). Kafin ka yarda da rifraktomita, ka daidaita ta da ruwan gwaji mai 35. Na ga wanda ya yi wata uku yana riƙe tankinsa a kan 1.030 saboda na'urarsa ta kauce bai sani ba.

Ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri ba ya tashi. Da hunturu, ga fanka, tankina yana rasa lita uku a yini. Lita 10 ta fita daga tanki mai lita 200, gishirin ya tashi daga 35 zuwa kusan 37. Mai tankin ya dawo ranar Asabar ya juye jarka guda lokaci ɗaya, ya sake faɗowa. Wannan hawa da saukar kaɗai ta isa ta hana zowa buɗewa. Ka ja layi a jikin gilashi, ka cika zuwa layin safe da yamma, da ruwa marar gishiri. Wanda ke cika abin da ya ƙafe da ruwan gishiri yana ƙara wa tankin gishiri ne kullum.

Gargaɗi: idan ka tarar ya kauce, gyaran kada ya wuce 0.001 a yini.

Sai asalin ruwan. Na famfo yana da kulorin. Na rijiyar burtsatse yana iya zuwa da ƙarfe, da naitiret, da sinadaran da ke ciyar da gansakuka. Na 'yan garuwa ba ka san inda aka ɗebo shi ba, ba ka san abin da jarkar ta taɓa ɗauka ba. Ruwan leda mai kyau ne a sha, amma wannan bai sa ya dace da murjani ba. Ruwan da ya bi ta matatar RO/DI, mai cire kusan duk abin da ya narke a ruwa, ake so, alƙalamin TDS ya nuna 0, ko 1 zuwa 2 in ya yi yawa. Idan ya fara hawa, lokacin canza kayan cikin matatar ya yi. Abu ɗaya da ba a faɗa wa mai saye: ruwan da ke gangarowa daga tankin saman gida ba shi da ƙarfin da matatar ke buƙata, sai an haɗa mata ƙaramin injin ƙara matsi. Tana kuma zubar da lita uku ko huɗu kafin ta ba ka ɗaya. A tara wannan a yi wanki ko ban ruwan fulawa.

Gishirin girki ba ya wannan aiki, sai wanda aka haɗa don murjani, irin su Red Sea, Tropic Marin ko Reef Crystals. Lita ɗaya tana cin wajen giram 38. Canjin lita 20 kenan yana cin kusan giram 750, bokiti mai kilo 20 zai yi maka canji fiye da 25. Da wannan lissafin za ka san kuɗin da kake kashewa a wata. Ka haɗa ruwan a bokiti tun jiya, injin yana juya shi, zafinsa ya yi daidai da na tanki.

5. Sauran gwaje-gwaje

Amoniya da naitirait (daban yake da naitiret) su zama 0. Idan ba haka ba, wani abu ya mutu a bayan duwatsu ko tankin bai nuna ba tukuna. Ka nemo gawar, ka canza kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari na ruwan. Alkaliniti tsakanin 8 da 9 dKH ya yi, kuma tsayawarsa wuri ɗaya ta fi lambar muhimmanci. Kada gyara ya wuce 1 a yini. Kalsiyam 400 zuwa 450, magniziyam wajen 1300.

Inda mutane ke mamaki shi ne naitiret da fosfet. Zowa ba ta son ruwan da aka tace har ya zama babu komai. Idan duka biyun suna nuna 0, za ka ga kawuna suna ƙanƙancewa, launi yana dusashewa, wani lokaci wani yauƙi ruwan ƙasa mai kumfa ya rufe yashi. Yunwa ce. Naitiret 5 zuwa 15, fosfet 0.03 zuwa 0.1, a nan nawa suka fi walwala. Ka ƙara wa kifi abinci kaɗan, ka cire maganin tsotse fosfet idan kana amfani da shi. In kuma lambobin sun yi sama sosai, gansakuka na hawa wuyan zowa, ka rage abinci, ka riƙa canza kashi 10 cikin ɗari duk mako.

6. Abin da ya shigo daga ɗaki

Wani ƙanena a Kubwa ya kira ni, duk zowarsa ta rufe, jatan landen da ke tankin sun mutu. "Yaya, wallahi ban canza komai ba, duk gwajin da ka ce na yi, daidai suke." Da na je bayan magariba, ina zaune a falo sai ga yaron gidan ya shigo da gwangwanin maganin sauro yana fesa lungu-lungu, har bayan tankin, sikima, wato na'urar da ke cire datti da kumfa, kuma tana ta zuƙar iskar ɗakin tana turawa cikin ruwa. Damina ta fara, sauro ya yi yawa, kwana huɗu kenan ana haka. Babu kayan gwajin da zai nuna maka wannan.

Saboda haka ka tambayi mutanen gida: filit, fiya-fiya, maganin sauro na kunnawa, turaren wuta, turaren fesawa, fenti, hayaƙin janareta ta taga. Ka tambayi kanka ma, domin da hunturu hannu ba ya rabuwa da man shafawa. Ka leƙa cikin tankin ko akwai abin da ke tsatsa, kamar maganaɗisun goge gilashi da ya tsage, ko kwabo da yaro ya jefa. Jan ƙarfe da tagulla guba ne ga murjani, kuma da yawa daga magungunan kifi da jan ƙarfe aka haɗa su, ba a zuba su a tankin murjani.

Maganin wannan shi ne sabon gawayin tace ruwa, wanda aka yi don tanki, a ɗauraye shi a sa inda ruwa ke bi, a canza kashi 25 cikin ɗari na ruwan, a sake bayan kwana biyu.

Gargaɗi: idan kana jin wani ɗan ja a yatsa in ka taɓa ruwan, wata na'ura ce ke zubar da lantarki. Kada ka gwada da hannu. Ka kashe komai daga soket, ka kira mai gyaran wuta ya auna su ɗaya bayan ɗaya, ya kuma duba ko gidan na da wayar ƙasa.

7. Binciken dare

Idan ruwa ya fita daga zargi, sai farauta. Ka bari fitila ta yi sa'a biyu a kashe, ka zo da tocila a hankali, ka haska wuyan kawunan da suka rufe da kuma tabarmar da ta haɗe su a jikin dutse. Kyamarar waya tana taimakawa wajen ƙara girman abu.

Babban ɓarawo shi ne nudi, wani ɗan dodon koɗi marar ƙoƙo, tsawonsa bai fi ƙwayar shinkafa ba, bayansa da 'yan tsiro kamar geza. Yana ɗaukar launin zowar da yake ci, shi ya sa ake kallonsa a zaci wani ƙaramin kai ne. Ranar da na fara ganinsa, na fi minti biyar ina haska wani kore a gindin dutse, sai na ga gezar tana tafiya alhali sauran duk a tsaye suke. Da na matso da fitila mai shuɗin haske sai ga uku. Ƙwansa fari ne, a nannaɗe kamar gammo ƙarami, manne a wuyan zowa.

Akwai dodon koɗi mai ƙoƙo zagayayye, mai zanen baƙi da fari kamar dara, yana lafewa tsakanin kawuna yana tsotsa. A cire shi da hantsaki. Akwai gizo-gizon teku, siriri mai ƙafa takwas, launinsa kamar na dutse, yana shigewa cikin tabarma. Akwai ƙananan taurarin teku farare ko masu toka, waɗanda wasunsu ke hawa kan zowa. Wanda ka gani a kanta ka cire shi. Akwai wani dodon koɗi mai kama da tsutsa da ke zama cikin bututu mai tauri yana sakin zare kamar yanar gizo, zaren yana damun kawunan da ke kusa. A fasa bututun a toshe da sufa gulu. Sai aiftasiya, mai kama da zowa amma ruwan ƙasa ce, gezarta doguwa, tana harbin maƙwabta. Kada ka yanke ta, kowane gutsure sabuwa zai zama. Akwai maganin da ake ɗura mata a baki da sirinji, irin Aiptasia-X.

Da rana kuma ka koma nesa ka lura da kifi. Dangin kifin mala'ika da na kifin malam-buɗe-littafi, har da kifin zomo idan ya ji yunwa, suna tsinkar zowa, kuma sukan daina idan sun ga mutum a kusa.

8. Tsomawa

Yanzu ne lokacin magani, kuma a roba ake yi, ba a cikin tanki ba. Ka koma mataki na 1 ka sa kayan kariya.

Roba ta farko: ruwan tanki da maganin tsomawa, irin Coral Rx, Revive ko Reef Dip na Seachem, gwargwadon yadda aka rubuta a kwalbar, da agogo a hannu. Ka riƙa hura ruwan tsakanin kawuna da sirinji, fuskarka a gefe. A farar roba za ka ga abin da ya faɗo. Roba ta biyu da ta uku: ruwan tanki zalla, a ɗauraye sau biyu. In babu magani, zowa tana jure ruwan RO marar gishiri mai zafi daidai da na tanki na minti uku zuwa biyar, ƙwarin kuwa ba sa jurewa. Wannan dabarar ta zowa ce, kada a gwada ta kan sauran murjani.

Idan gansakuka ce ta shaƙe ta, ka tsinke abin da hantsaki zai iya, sannan ka haɗa kashi ɗaya na haidurojin ferokzaid mai ƙarfin 3 cikin ɗari, wanda ake samu a kyamis, da kashi huɗu na ruwan tanki, minti biyu zuwa uku.

Gargaɗi: magani ba ya kashe ƙwan nudi. Sai ka kankare shi da bakin hantsaki a ƙarƙashin ruwa, ka sake tsomawa duk bayan kwana huɗu ko biyar har mako huɗu. Nan ne mutane ke faɗuwa: sun tsoma sau ɗaya, zowa ta buɗe, sun saki jiki, bayan mako biyu abin ya dawo. Kuma kada ka haɗa magani biyu a roba ɗaya ko a rana ɗaya. Ruwan da ka gama da shi ka zuba masa bilic kafin ka juye a masai.

9. Ƙuraje da narkewa

Idan ka ga ƙuraje farare ko masu ɗorawa-ɗorawa a wuyan kawuna, cutar da ake kira ƙyandar zowa ce. Ka ware dutsen. Masu kiwo sun daɗe suna amfani da Furan-2 kafin kamfanin ya daina yin sa: ƙunshi ɗaya a kofin ruwan tanki, minti 15 zuwa 20, sau ɗaya a yini har kwana uku, sannan hutu na kwanaki kafin a sake. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, idan ya shiga tanki zai kashe masu amfanin da ke tace maka ruwa, saboda haka a ɗauraye sosai.

Narkewa ta fi gaggawa. Kawuna suna laushi, suna yin baƙi ko wani farin yauƙi ya rufe su, suna wari, kuma abin yana ci cikin kwana ɗaya ko biyu. A nan ba a jira. Ka fito da dutsen cikin roba, ka yanke tabarmar da reza a ƙarƙashin ruwa, ka haɗa da layi ɗaya na masu lafiya da ke bakin ciwon. Na san yana da ciwo mutum ya yanke kan da ya saya da tsada, amma barinsa ke cinye sauran. Ka tsoma abin da ya rage a magani mai aidin, ka ajiye shi inda ruwa ke motsi sosai.

10. Haske, kaɗawar ruwa da maƙwabta

Wuya ya yi tsawo, kai yana miƙewa sama, launi ya koma ruwan ƙasa: haske ya yi kaɗan. Kai ya ƙanƙance, ya koɗe, yana buɗewa da safe ya rufe da tsakar rana: ya yi yawa. Sa'a 8 zuwa 10 a yini ta isa. Sabuwar zowa a ƙasa ake fara ajiye ta, a riƙa ɗaga ta kaɗan-kaɗan cikin mako biyu ko uku. Sabuwar fitila ma daga rabin ƙarfinta ake farawa. Ka duba agogon fitilar bayan an dawo da wuta, wasu suna rikicewa su kwana a kunne.

Ruwa ya riƙa kaɗa gezar a hankali. Idan tana kifewa gefe ɗaya, ya yi ƙarfi. Idan datti na taruwa tsakanin kawuna, ya yi rauni, ka hure shi da sirinji ka juya bakin injin. Murjani masu dogayen hannuwa suna miƙo su da dare su yi harbi, a ba su tazarar taƙi guda. Murjanin fata kuma yana sakin sinadari a ruwa, gawayi ke rage shi.

11. Gyara ɗaya, sannan jira

Duk abin da ka gano, shi kaɗai za ka gyara, ka rubuta ranar, ka ba shi kwana biyar zuwa bakwai. Wanda ya canza ruwa, ya matsar da dutse, ya rage fitila, ya tsoma a magani duk a yini ɗaya, ko ta warke bai san me ya warkar da ita ba, kuma yawan ɗagawa da ajiyewa shi kansa yana hana ta buɗewa. Alamar sauƙi ita ce ɗan rami ya bayyana a tsakiyar kai, bakin geza ya leƙo, yau biyu, gobe biyar. Kan da ke rufe amma yana da tauri yana da rai, ko ya yi mako uku a haka.

Duk sabuwar da za ta shigo daga yanzu, a tsoma ta, a cire ta daga gindin da ta zo a kai idan zai yiwu, ta yi mako huɗu a wani ƙaramin tanki daban mai injin iska da 'yar fitila.

Wadda ta mutu kuwa, dafinta bai mutu ba. Ka nutsar da dutsen cikin bilic irin Hypo ko Jik, kashi ɗaya a kashi tara na ruwan sanyi, a waje inda iska ke bi, aƙalla minti 30, ba tare da ka haɗa shi da wani sinadari ba. Sannan ka ƙulle shi a leda biyu kafin ya shiga shara, saboda yara da masu tsince-tsince a bola. Hantsaki da reza da robobin ma su sha bilic ɗin, safar hannu kuma ka cire ta ta baibai ka jefa cikin ledar.